Daga Lungu Ake Farawa: Yadda Talakawan Orangi Suka Gyara Unguwarsu

(An gabatar da wannan lacca a wani taron ƙungiyoyin ci gaban unguwanni a Kano. An rubuto ta daga rikodin, an rage gaishe-gaishe da maimaici.)

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Ranka ya daɗe dagaci, masu unguwanni, Allah gafarta malamai, iyayenmu mata da ke can gefe, 'yan'uwa matasa, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Masu shirya taron nan sun ce in yi magana a kan muhalli da lafiya da aikin yi. Waɗannan ukun su ne a cikin kowace takardar koke da muka taɓa kaiwa sakatariyar ƙaramar hukuma, kuma da yawanku kun san inda takardun nan suke kwana. Saboda haka yau labarin wata unguwa zan ba ku, mai nisa da mu amma mai kama da mu ƙwarai, sannan mu dawo gida mu duba abin da yake hannunmu.

Sunan unguwar Orangi, tana arewa maso yammacin birnin Karaci a Pakistan. Tun cikin shekarun 1960 mutane suka fara sauka a wurin, sannan bayan yaƙin 1971, da gabashin Pakistan ya ɓalle ya zama Bangaladash, 'yan gudun hijira suka kwararo suka ƙara cika ta. Filin na gwamnati ne. Dillalai ne suka riƙa yanka shi fuloti-fuloti suna sayar wa talaka, ba takarda, ba taswirar hukuma. Duk wanda ya sayi fili a awon igiya a bayan Kurna ko Rimin Kebe ko Ɗorayi ya san irin wannan ciniki, ya san kuma dalilin da ya sa mutum yake yin sa: filin da gwamnati ta yanka ya fi ƙarfin aljihunsa, kuma iyali ba za su kwana a titi ba. Zuwa 1980 mutanen Orangi sun doshi miliyan ɗaya.

Sun gina gidajensu da kansu, sun buɗe makarantu da shaguna, amma abu ɗaya ya gagare su, wato ƙazanta. Wasu gidajen bokiti ake ajiyewa a ban-ɗaki, masu kwashewa su zo bayan 'yan kwanaki, sau da yawa su juye a nan bakin lungu. Wasu sun haƙa rami, ya cika ya tumbatsa. Ruwan wanka da na wanke-wanke kuwa tsakiyar layi yake bi. Ba sai na kwatanta muku ba. Ku tuna lungunanmu cikin watan Agusta: kowane gida ya huda bango ya sako rariyarsa, baƙin ruwa ya kwanta a tsakiya ya yi kore a gefe, an jera duwatsu da ɓallin bulo ana takawa, tsoho zai tafi masallacin asuba yana dafa bango, yarinya ta fito da farantin talla ta zame. Maƙwabta biyu da suka shekara ashirin tare sun daina gaisawa saboda wannan ya tare kwatarsa da ƙasa ruwa ya koma ƙofar wancan. Haka Orangi take, da zazzaɓin cizon sauro da taifot da gudawa da ƙuraje, kuɗin gida yana ƙarewa a wurin mai magani.

A 1980 wani dattijo mai suna Dakta Akhtar Hamid Khan ya shiga unguwar. An haife shi a 1914, ya yi aikin gwamnati a Indiya zamanin Turawan mulkin mallaka, ya ajiye aikin da kansa ya koma leburanci da koyon ƙirar kwaɗo don ya san rayuwar talaka daga ciki. Daga baya ya yi suna da aikin raya karkara a Komila, a gabashin Pakistan na wancan lokacin. Lokacin da ya zo Orangi shekarunsa 66. Abin da ya fara yi shi ne yawo a ƙafa, wata da watanni, yana zama da mutane, da kansiloli, da magina, yana tambaya yana saurare. Bai raba komai ba. Ina so ku riƙe wannan, domin mu mun saba idan baƙo ya zo da sunan taimako, kafin ya zauna mun fara duba bayan motarsa.

Abin da ya gano shi ne mutane suna son magudanar ƙarƙashin ƙasa, har suna iya biya, amma abubuwa sun tare su. Babba a ciki shi ne jira. Kowa ya yarda cewa wannan aikin gwamnati ne, kuma wata rana za ta zo ta yi kyauta, domin 'yan siyasa sun sha yin alkawari. Ita kuma hukuma ta ce ba ta da kuɗin, kuma unguwar ma ba ta cikin tsarinta. Na biyu tsada: farashin da 'yan kwangila suke yi wa gwamnati, da cin hanci da riba da komai a ciki, ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba. Sai rashin sanin yadda ake auna gangare da shimfiɗa bututu. Sai kuma rashin haɗin kai, domin magudana ba abin da mutum ɗaya zai yi ba ne, dole ta ratsa ta ƙofar kowa.

To, ga inda hikimar take. Bai ce a kafa babbar ƙungiyar Orangi mai shugaba da sakatare da ma'aji da jami'in hulɗa da jama'a ba. Mutum miliyan ɗaya ba su san juna ba, ba za su amince wa juna da kuɗi ba. Sai ya duba ya ga unguwar layi-layi ce, kowane layi gida 20 zuwa 40. A cikin layi kowa ya san kowa. An san mai riƙon amana, an san wanda in ya karɓi bashi sai an kai ruwa rana. Sai ya ce layi shi ne ƙungiya. Mutanen layi su zauna su yarda, su zaɓi mutum ɗaya a cikinsu ya zama mai kula da aiki, su rubuto suna neman taimako. Daga nan ma'aikatan shirin da Dakta Khan ya kafa a unguwar su zo su auna layin, su zana taswira, su lissafa bututu nawa, siminti buhu nawa, kuɗin birkila nawa, su ba da aron kayan aiki, su tsaya a kan aikin har ya kammala. Kuɗi kuwa mutanen layi ne suke tarawa, shi wanda suka zaɓa yake karɓa, shi yake saye, shi yake ba da bayani a gaban kowa. Ko sisin kwabo na mutane bai taɓa shiga hannun ma'aikatan shirin ba. Saboda haka ranar da aka sami saɓani a kan kuɗi, a cikin layi ake kashe wutar, tsakanin mutanen da gobe za su haɗu a jana'iza da suna.

Sai batun tsada. Injiniyoyi da masu zanen gine-gine, irin su Arif Hasan da wata matashiya mai suna Parwin Rahman da ta shigo aikin a 1982, suka zauna suka sauƙaƙa komai. Lungun da babbar mota ba ta shiga ba ya buƙatar a binne bututu da zurfin na babban titi. Ramin duba bututu ba sai an ɗauko ƙwararren magini ba, aka ƙera allon ƙarfe da za a kafa a zuba kankare a ciki, a cire a kai layi na gaba. Haƙa kuwa mutanen layi ne da kansu. Da aka cire ɗan kwangila da abin da ake ba na sama, sai kuɗin ya faɗo warwas, ya koma kusan rufi dubu ɗaya, kuɗin Pakistan, kowane gida a wancan lokacin, har da ban-ɗaki na zamani a cikin gidan.

Layin farko ya yi wuyar shawo kai. Amma da ya kammala, mutanen layin da ke kusa suka leƙo suka ga ƙasa a bushe, yara suna wasa a inda da ba a iya tsayawa, sai suka zo da kansu. Kuma a wurare da yawa mata ne suka matsa. Su ne suke jinyar yara, su ne suke wuni da warin, su ne suka riƙa cire kuɗin daga na cefane, suna bin gida-gida suna karɓa, suna tsare mazan da suka so su noƙe. Iyayenmu mata, wannan naku ne, ku ji da kyau. Cikin shekaru, sama da gida dubu ɗari suka yi wannan aiki da kuɗinsu, fiye da kashi 90 cikin ɗari na unguwar. Wani bincike da aka yi a wani ɓangare nata ya nuna mutuwar jarirai ta sauko daga kusan 130 cikin dubu a 1982 zuwa 37 a 1991. Ba magudana kaɗai ta kawo wannan ba, zan zo kan sauran, amma ita ce tushe.

Na san abin da ke zuciyar wasu matasa a nan, domin na ga ana girgiza kai. Za ku ce, ashe dai a sauke wa gwamnati nauyi ke nan, mu biya haraji kuma mu haƙa kwata. Wannan tambaya ce mai kyau, kuma mutanen Orangi sun amsa ta. Sun raba aikin gida biyu. Akwai na ciki: ban-ɗakin gida, bututun layi, da bututun da ke tattara na layuka. Wannan na jama'a ne, sun iya, sun yi. Akwai na waje: babbar magudanar da za ta kwashe na unguwa duka, da wurin tace ruwan ƙazanta kafin ya shiga teku. Wannan ba mai iya yin sa sai hukuma, kuma a kansa suka tsaya mata. Ku duba bambancin mutum biyu a gaban kwamishina. Ɗaya ya zo da takarda yana cewa a taimaka mana, ba mu da komai. Ɗayan ya shimfiɗa taswira a kan tebur ya ce, layi kaza mun gama, gida kaza sun biya, ga abin da muka kashe, ga inda ruwanmu yake fita, abin da ya rage mita kaza ne kuma naku ne. Na farko ana ba shi haƙuri. Na biyu ana rasa abin da za a ce masa.

Taswirar nan ita ce makaminsu mafi ƙarfi. Parwin Rahman ta horar da samari da 'yan mata na unguwa suka koyi awo da zane, suka bi lungu-lungu, rafi-rafi, suka zana abin da yake ƙasa a zahiri, abin da ofisoshin gwamnati ba su da shi a takardunsu. Har ta kai ga a 1999 gwamnatin lardin Sindh, inda Karaci take, ta soke wani bashi na dala miliyan 70 da za ta karɓo daga Bankin Raya Asiya don aikin magudana a Korangi, wani yanki daban na Karaci, saboda taswirorin sun nuna mutane sun riga sun yi mafi yawan aikin, kuma abin da ya rage za a iya yin sa da kuɗin gida a farashi mai sauƙi. Yaran unguwa da igiyar awo suka hana a ɗora wa jikokinsu bashi.

Yanzu muhalli. A Orangi akwai masu buga bulo a kowane yanki, kamar yadda muke da gidajen bulo. Mai gidan bulon ba bulo kaɗai yake sayarwa ba, shi ne mai ba da bashin kaya, shi ne mai haɗa ka da magini, shi ne mai ba ka shawarar yadda za ka fara da ɗaki ɗaya. Matsalar ita ce bulon ba shi da ƙwari, gishirin ƙasa yana cin gindin bango, gida ya tsage cikin 'yan shekaru. Shirin bai buɗe kamfanin gina gidaje ya kori waɗannan mutane ba. Ya ba su rance suka sayi injin buga bulo, aka gyara haɗin siminti da yashi, aka horar da magina a kan fandisho da iska da haske, aka fito da rufi mai arha wanda zai ɗauki bene. Talaka ya ci gaba da gini yadda ya saba, ɗaki bayan ɗaki gwargwadon abin da Allah ya hore, amma yanzu ginin yana tsayawa. Ni a ganina wannan ya fi dacewa da mu a kan jiran rukunin gidajen gwamnati. Gida nawa gwamnati ta gina a Kano cikin shekara arba'in, gida nawa talakawa suka gina da guminsu? Amsar tana gaban idonmu. Idan ƙungiyar unguwa ta zauna da masu gidan bulo uku da ke yankinta aka yi yarjejeniya a kan bulo nawa za a fitar daga buhun siminti ɗaya, ta hana rushewar gidaje da yawa a damina mai zuwa.

Akwai kuma batun takardar fili. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar birni a hannun gwamna, kuma mafi yawanmu abin da muke riƙe da shi takardar ciniki ce da sa hannun shaidu da mai unguwa. Mutum ɗaya da irin wannan takarda ba shi da ƙarfi ranar da katafila ta zo. A Maroko ta Legas, a Yulin 1990, an tashi mutane kusan dubu ɗari uku cikin 'yan kwanaki. Unguwar da ta ƙidaya gidajenta, ta zana kanta, ta san shekarar da kowa ya sauka, ta bar hanya da magudana, tana da bakin da za ta nemi a shigar da ita tsari a ba ta takarda gaba ɗaya. A nan sai in roƙi masu unguwanni, ranku ya daɗe, kada ku sa hannu a cinikin filin da ya toshe hanyar ruwa ko ya cinye layi, ko da wa ya kawo shi.

A kan lafiya, abin da ma'aikatan shirin na Orangi suka yi daga 1984 mai sauƙi ne. Sun lura matan unguwa ba sa fita zuwa asibiti mai nisa, saboda al'ada da kuɗin mota da aikin gida. Sai aka riƙa tura ma'aikatan lafiya mata zuwa layi, a taru a gidan mace ɗaya da maƙwabta suka yarda da ita, a koyar da tsafta, da rigakafi, da haɗa ruwan gishiri da sukari, da tazarar haihuwa, aka kuma horar da ungozomomi. A kan sana'a kuwa, suka fara da cibiyoyin ɗinki na mata a cikin gidaje, sannan a 1987 suka kafa asusun ba da rancen jari ga masu ƙananan sana'o'in da suke gudana, masaƙa da maɗinka da masu shago. Ba su ce za su samar wa kowa aiki ba. Sun ga unguwar cike take da masu sana'a waɗanda jari kaɗai ya tsayar, banki kuma ba ya kallonsu.

To, mu dawo gida. Kada wani ya ɗauka sai an je Pakistan ake samun wannan. Gayya tamu ce, adashi namu ne, kuma akwai abin da duniya ta koya daga ƙasar Hausa. A 1991, a yankin Maraɗi, ƙungiyar agaji ta CARE ta fara aiki da matan karkara a kan wani tsari da aka kira Mata Masu Dubara. An ɗauki adashin da mata suka sani ne aka ƙara masa ƙa'ida. Mata kamar 25 zuwa 30 su haɗu duk mako, a shimfiɗa tabarma, a kawo akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku a ajiye a tsakiya. Makullan suna hannun mata uku daban-daban, akwatin yana kwana a ɗakin ta huɗu, don haka ba ya buɗuwa sai a gaban kowa. A kira suna ɗaya bayan ɗaya, kowace ta ajiye zubinta, masu ƙirga su ƙirga da ƙarfi, a faɗi jimla kowa ya ji. Da yake yawancinsu ba su yi boko ba, da ka suke riƙe lissafi, kowace tana tuna bashin da ke kan ta kusa da ita. Wadda ke son jarin ƙuli-ƙuli ko kiwon tunkiya ta ranta ta biya, akwai kuma ɗan asusu na daban don rashin lafiya da rasuwa. In shekara ta zagayo a fasa a raba. Ba kuɗin wani Bature a cikin akwatin nan. Yau wannan tsari ya bazu a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, miliyoyin mutane suna cikinsa, kuma daga Maraɗi ya tashi, nan bayan Jibiya. Ku lura da abin da ya haɗa shi da Orangi: taro ƙarami na waɗanda suka san juna, kuɗi nasu, lissafi a bainar jama'a.

Haka kuma a Jigawa da Katsina da Yobe da Zamfara an yi tsari da direbobin ƙungiyar NURTW, inda direba yake ɗaukar mace mai naƙuda zuwa asibiti ko da tsakar dare ne a kan kuɗin mai kawai, a saka masa da ba shi lodi a tasha ba tare da bin layi ba. Me zai hana kowane layi a nan ya san mai a-daidaita-sahu biyu da za a buga wa waya ƙarfe biyun dare, da ɗan asusun mai a hannun wata dattijuwa?

Ga kuma namu aikin na waje, wanda doka ta riga ta ba mu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, kuma wani kaso nasa yana tafiya kai tsaye asusun asibitin mazaɓa da aka zaɓa. A tsarin, shugaban kwamitin raya mazaɓa yana sa hannu tare da shugaban asibitin kafin a fitar da kuɗi. Kano tana da mazaɓu 484. Ina tambayar zauren nan, wa ya san sunan shugaban kwamitin mazaɓarsa? Na ga hannuwa ba su kai goma ba. Wannan kujera taku ce. Ku nemi a riƙa manna abin da ya shigo da abin da aka kashe a bangon asibiti. Sannan a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Duk yadda aiwatarwar ta kasance, kuɗin da ya sauko kusa yana buƙatar idon da zai bi shi, kuma idon nan ƙungiyar da take da lissafi ce.

Ba zan ɓoye muku haɗarin ba. Ranar 13 ga Maris 2013 'yan bindiga suka harbe Parwin Rahman a hanyarta ta komawa gida daga ofis. A lokacin tana tattara bayanan ƙauyukan gefen Karaci da masu ƙwacen fili suke cinyewa, ta kuma bankaɗo masu satar ruwan famfo suna sayarwa a tanka. Duk wanda ya fara rubuta gaskiyar fili da ruwa zai taɓa abincin wasu. Shi ya sa bayanan ƙungiya ba sa zama a kan mutum ɗaya ko a wayar mutum ɗaya. Haɗari na biyu ya fi kusa da mu: ɗan siyasa ya zo da ambulan ya ce a ba shugaba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma tsagewar ƙungiyoyinmu kusan kullum daga kuɗin da ba a ƙirga a gaban kowa ba take farawa. In zai taimaka, ya kawo siminti a sauke a bakin layi da rana tsaka, a rubuta, ko ya je ya yi babbar magudanar da take aikinsa tun asali.

Lokaci ya ja, an ce in karɓi tambaya biyu.

(Wata baiwar Allah ta tambaya a kan ƙarin da ake ɗorawa a rancen akwati, ko ba riba ba ce.)

Hajiya, Allah ya saka da alheri, wannan tambaya dole a yi ta. Gaskiya ne a tsarin na asali ana biyan rance da ɗan ƙari, a raba ƙarin a ƙarshen shekara. Malamai suna nan, su ne masu fatawa. Abin da zan ce shi ne akwati ba ya buƙatar ƙarin kafin ya yi aiki. Ana iya ba da rance a mayar da daidai abin da aka karɓa. In ana son asusu ya haɓaka, ƙungiya ta sayi gero ko wake da kaka ta ajiye ta sayar daga baya, ko ta sayi keken ɗinki ta sayar wa 'yar ƙungiya a kan farashin da aka yi yarjejeniya, ta biya a hankali. Ku kai wa malamin unguwa ƙa'idojinku tun kafin zubin farko, ya duba ya gyara.

(Wani matashi ya ce a layinsu rabin mutane 'yan haya ne, masu gidajen ba sa zaune a unguwar.)

Ɗan'uwa, wannan ita ce matsalar da ta fi yawa a cikin gari, kuma a Orangi an fi samun sauƙi ne domin yawancinsu gidajen kansu ne. Ga shawarata. Aikin da zai zauna a ƙasa, kamar bututu da kwalbati, kuɗinsa na mai gida ne, domin darajar gidansa ce take ƙaruwa. Ku rubuta sunan mai kowane gida da wanda yake karɓar masa haya, ku kai wa mai unguwa lissafin, shi ya kira su. Inda mai gida ya yi nisa, ɗan haya ya biya a cire masa daga kuɗin haya, amma a rubuce, da shaidu. Yasar kwata da kwashe shara da asusun mai na masu naƙuda kuwa na duk wanda yake kwana a layin ne, ɗan haya da mai gida. Kuma kada ku jira sai duka gida talatin sun yarda. In ashirin sun sa hannu, ku nemi ɗalibin safiyo ko na injiniya daga kwalejin kimiyya da fasaha ya zo ya auna muku gangaren kafin kowa ya ɗaga diga, domin bututun da aka shimfiɗa ba awo zai toshe a damina ta farko, kuma zai yi wuya mutane su sake yarda su zuba kuɗi.

An yi mini alamar la'asar ta yi. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.